Me Ya Sa Ake Tonon Harabar Majami'ar Da Mabiyanta Ke Raye?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya cewa ya ji labarin ana tonon harabar wata tsohuwar majami'ar baƙaƙen fata a Amurka, har ta kai ga an buɗe kaburbura, kuma abin ya ɗaure masa kai ta fuska biyu. Na farko, mene ne amfanin tonon, alhali mabiya majami'ar suna nan da ransu kuma sun san tarihinsu? Na biyu, ta yaya za a kira tone kabari da sunan adana tarihi, bayan kowa ya san mamaci yana da alfarma?

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma rabinta na biyu shi ne ainihin abin da ya raba kan masu binciken kufai a Amurka sama da shekara 30. Zan amsa maka da misalin Majami'ar Baftis ta Farko da ke garin Williamsburg a jihar Virginia, domin a cikin ayyukan da aka yi a 'yan shekarun nan babu wanda ya fi shi fito da matsalar fili.

Mabiya wannan majami'a suna ƙirga kafuwarta daga shekarar 1776. A lokacin ba su da gini, domin bayi ne da 'yantattun baƙaƙen fata suke haɗuwa a ɓoye cikin kurmi, a ƙarƙashin rumfunan da suke haɗawa da rassan itatuwa, da farko a gandun Green Spring, daga baya a wani wuri da ake kira Raccoon Chase. Mai wa'azinsu na farko sunansa Moses, kuma tarihin Baftis na Virginia ya ambata cewa ya sha bulala saboda tara mutane. Wanda ya gaje shi, Gowan Pamphlet, bawan wata mai masauki ce a garin, Jane Vobe. A shekarar 1793 aka 'yanta shi, kuma a wannan shekarar ce ƙungiyar majami'un Baftis ta Dover ta karɓi ikilisiyarsa a matsayin cikakkiyar mamba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga taron da yawancinsa bayi ne. A farkon ƙarni na 19 wani farar fata mai suna Jesse Cole ya ba su wuri a kan titin Nassau, inda suka sami ɗakin ibada na farko. Guguwa ta rushe shi a 1834, sai suka gina babbar majami'a ta jan bulo a 1856, wadda ta tsaya shekara ɗari cur.

Abin da ya faru da ita bayan nan shi ne amsar tambayarka ta farko. Tun daga 1926 aka fara mayar da tsakiyar Williamsburg gidan tarihi na fili, da kuɗin attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami da kuma himmar wani limamin coci mai suna Goodwin. Manufar ita ce a sake tsayar da garin yadda yake a ƙarni na 18, lokacin da yake babban birnin Virginia a ƙarƙashin mulkin Ingila. Duk ginin da ya zo bayan wannan zamani an ɗauke shi a matsayin baƙon da ya ɓata hoto, saboda haka an rushe ɗaruruwan gine-gine. Majami'ar 1856 ta faɗa cikin wannan lissafi. Gidauniyar Colonial Williamsburg, mai kula da gidan tarihin, ta sayi wurin a tsakiyar shekarun 1950, ta rushe ginin, mabiya suka koma sabuwar majami'a a titin Scotland a 1956, kuma a shekarun 1960 aka malala kwalta a wurin ya zama filin ajiye motoci. Abin mamakin shi ne, a jajibirin yaƙin neman 'yancin Amurka, baƙaƙen fata sun haura rabin mutanen garin, amma sai a 1979 gidan tarihin ya fara gabatar da rayuwarsu ga masu yawon buɗe ido a tsare.

To, ka ga mabiya sun san tarihinsu, amma sanin nasu bai hana motoci tsayawa a kan kakanninsu na kusan rabin ƙarni ba. Tsofaffin majami'ar sun daɗe suna cewa akwai kaburbura a wurin, sai dai babu rajistar binne mamata da za su nuna, kuma a tsarin da gidajen tarihi suka ginu a kansa, takarda ce shaida, maganar baka kuwa jita-jita ce har sai an tabbatar da ita. Wannan ma'auni ba ya yi wa bayi adalci ko kaɗan, domin takardun zamanin masu bayi ne suka rubuta su, kuma inda bawa ya fito a cikinsu, galibi ya fito ne a jerin dukiya tare da dawakai da kayan ɗaki. Bayan boren bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831 ma dokar Virginia ta haramta wa baƙar fata yin wa'azi, ta kuma tsananta a kan taronsu, saboda haka mutanen da ke irin wannan hali ba za su riƙa barin dogon bayani a rubuce game da al'amuransu ba. Ƙasa ce kaɗai ma'ajiyar da mai mulki bai tace ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa binciken kufai ya fi amfani ga tarihin talakawa da bayi fiye da yadda yake ga tarihin gwamnoni.

Ya kamata in faɗi cewa ba wannan ne karo na farko da aka sa shebur a wurin ba. An yi tono a 1957, amma da salon wancan zamani, wanda ake yanka dogayen ramuka a karkace a kan fili domin a ci karo da harsashin bulo na ƙarni na 18. Mai neman harsashin gidan Turawa ba ya tsayawa duba canjin launin ƙasa, ba ya tace ƙasar da ya haƙo, kuma ba ya tambayar maƙwabta abin da suka ji daga iyayensu. Wuri ɗaya ne, amma tambayar da aka zo da ita ita ce ta yanke abin da aka gani.

A 2020 aka dawo, wannan karon tare da majami'ar kanta da gidauniyarta mai suna Let Freedom Ring, wadda Connie Matthews Harshaw ke shugabanta a lokacin, yayin da Jack Gary ya jagoranci masu tonon daga ɓangaren Colonial Williamsburg. Hanyar da ta kai ga wannan haɗin gwiwa ta biyo ta kan wata ƙararrawa ce da matan majami'ar suka saya a 1886, wadda ta daɗe ba ta kaɗawa har aka gyara ta, sannan aka kai ta Washington inda Shugaba Obama ya kaɗa ta tare da wata dattijuwa 'yar wani da aka haifa cikin bauta, a bikin buɗe gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka a watan Satumba na 2016. Bayan irin wannan biki, ya zama da wuya a ci gaba da kallon filin motocin titin Nassau kamar ba komai.

Yadda aikin yake tafiya kuwa ba shi da gaggawa. Ana fara bin filin da na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa, wadda take nuna inda aka taɓa motsa ƙasa ko inda wani abu mai tauri yake kwance, ko da yake ba ta iya cewa wannan kabari ne, wancan kuma ramin bututu. Sai a ɗaga kwalta da tsakuwar da ke ƙarƙashinta, a raba filin gida-gida da igiya, a riƙa kankare ƙasa hawa bayan hawa da ƙaramin cokalin magini, ana tace ta a rariya, ana rubuta inda kowane ɓallin tangaran ko ƙusa ya fito. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, tono ɓarna ce da ba ta gyaruwa: hawan ƙasar da ka cire ba zai koma yadda yake ba har abada, kuma abin da ba ka rubuta ba ya ɓace ke nan.

A watan Oktoba na 2021 aka sanar cewa an gano harsashin ɗakin ibada na farko, a ƙarƙashin harsashin ginin 1856. Girmansa ƙafa 16 ne da ƙafa 20, wato bai wuce madaidaicin zaure ba. Kusa da shi, a ƙarƙashin wani daɓen bulo, an sami kwabon Amurka na 1817. Wannan kwabo ƙarami ne amma aikinsa babba ne, domin ƙa'idarmu ita ce ba a shimfiɗa daɓe a kan abin da ba a riga an ƙera ba, saboda haka daɓen ba zai girmi 1817 ba. Da aka haɗa wannan da takardar haraji ta 1818 wadda ta ambaci ɗakin taron Baftis a wurin, sai shaidu biyu da ba su san juna ba suka yi magana ɗaya. Girman ɗakin ma yana da abin faɗa. Ikilisiyar da mabiyanta suka kai ɗaruruwa tun zamanin Pamphlet ba za ta shiga ɗaki mai ƙafa 16 da 20 ba, wanda ke nuna cewa harabar waje tana cikin wurin ibadar, kuma duk wanda ya adana harsashin kaɗai ya bar filin da ke kewaye da shi, ya adana ƙaramin ɓangaren majami'ar ne.

An kuma sami ɓallin kwalbar tawada, da maɓallai, da allurai. Game da kwalbar tawada ina jan hankali, domin 'yan jarida suna son su ɗora wa irin wannan abu nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Tana nuna cewa wani ya yi rubutu a wurin ko kusa da shi, a zamanin da hukuma ke hana tara baƙaƙen fata domin koyar da su karatu. Ba ta nuna ko wane ne ba, ba ta kuma nuna yawan masu karatun ba.

Yanzu sai kaburbura. Ramin kabari yana bayyana tun kafin a kai ga gawa, domin ƙasar da aka haƙa aka mayar tana cakuɗuwa, launinta ya bambanta da ƙasar da ba a taɓa ba, sai ka ga tabo mai kusurwa huɗu daidai tsawon mutum. Ta haka ake ƙirga kaburbura ba tare da an buɗe ko ɗaya ba, kuma ta haka adadin ya riƙa hawa har daga baya ya haura 60. Maganar tsofaffi ta tabbata, kuma a nan aikin ya tsaya, domin matakin gaba ba na masana ba ne.

Domin ka fahimci dalilin tsayawar, sai mu koma birnin New York a 1991, lokacin da gwamnatin tarayya ke haƙa harsashin wani dogon ginin ofisoshi a kudancin Manhattan, aka ci karo da makabartar 'yan Afirka ta ƙarni na 17 da na 18. An yi ta kwashe ƙasusuwa cikin hanzari domin kada ginin ya makara, ba tare da an tuntuɓi baƙaƙen fatar birnin yadda ya kamata ba, har sai da zanga-zanga da matsin lambar majalisar dokoki suka tsayar da aikin bayan an fitar da mutum 419. An mayar da binciken Jami'ar Howard a ƙarƙashin masanin ƙasusuwa Michael Blakey, aka sake binne mamatan da girmamawa a 2003, wurin kuma ya zama abin tunawa na ƙasa a 2006. Daga wannan rikici ne aka sami ƙa'idar da ake aiki da ita yanzu, cewa mai bincike yana da iyayen gida biyu: wanda yake biyan kuɗin aikin, da kuma al'ummar zuriyar mamatan, kuma a kan abin da ya shafi mutuncin mamaci, maganar ta biyun ce take gaba. Kalmar zuriya a nan ba ta tsaya ga wanda zai iya jero sunayen kakanninsa ba, domin bauta ta yanke wannan igiya ga mafi yawan mutane ta hanyar sayar da 'ya'ya da sauya sunaye. Ta haɗa da waɗanda suka gaji majami'ar da unguwar, kuma suke ɗauke da nauyin mamatan a zuciya.

A Williamsburg an bi wannan ƙa'ida, kuma Blakey kansa yana Kwalejin William da Mary a garin, inda cibiyarsa ta ɗauki nauyin duba ƙasusuwan. An yi tarurruka da zuriyar majami'ar, aka shimfiɗa musu abin da gwaji zai iya nunawa da abin da ba zai iya ba, su kuma suka amince a buɗe kaburbura uku kacal, bisa sharaɗin a mayar da mamatan makwancinsu. An nemi izinin hukumar kula da wuraren tarihi ta Virginia kamar yadda doka ta tanada, aka yi addu'o'i, aka fara a 2022, kuma ba a baje ƙasusuwan ga masu kallo ba.

Za ka iya tambaya, me ya sa su da kansu suka so a buɗe? Dalilin shi ne akwai ƙofar musu. An gwabza yaƙi a Williamsburg a watan Mayu na 1862 lokacin yaƙin basasa, gine-ginen garin da dama sun zama asibitocin sojoji, saboda haka mai son ƙaryatawa zai iya cewa kaburburan na sojoji ne ko na wasu Turawa da suka zauna a wurin tun da farko. Mutanen da aka shekara da shekaru ana ce musu ba su da shaida sun so a toshe wannan ƙofa. Sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna cewa ukun duka maza ne, biyu manya, ɗaya saurayi wanda bai kai shekara 20 ba. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi a Jami'ar Connecticut ya yi nasara a kan mutum ɗaya ne kawai, domin ƙasar yankin tana cin ƙashi, kuma ya tabbatar da cewa asalinsa daga Afirka kudu da Sahara ne. Haƙoran saurayin sun nuna alamar wahalar da ya sha yana ƙarami, irin layin da yunwa ko tsananin ciwo ke bari a jikin haƙori lokacin da yake tsirowa. Ƙusoshin akwatunan gawa da maɓallan tufafi kuma sun sanya binnewar a farkon rabin ƙarni na 19, wato zamanin ɗakin ibada na farko.

A kan ɗaya daga cikin kaburburan an sami kwalba a kife, wadda alamu suka nuna an sa ta ne da gangan. A makabartar Majami'ar Baftis ta 'Yan Afirka da aka tona a Philadelphia a shekarun 1980 ma an sami takalmi a kan murfin akwati, da kwabo kusa da kai, da faranti a kan ciki. Masana da yawa suna danganta irin waɗannan da al'adun binne mamata na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma akwai hujja a maganar, amma ni ina ganin a riƙa sassautawa, domin wasu daga cikin waɗannan al'adu akwai makamantansu a karkarar Ingila da Ayalan, kuma Afirka ba ƙauye ɗaya ba ce da za a ce ga al'adarta. Abin da ya tabbata shi ne, waɗanda suka binne mutumin sun yi masa wani abu da ke da ma'ana a gare su, a cikin harabar majami'ar Kirista, kuma ba su ga saɓani a tsakanin biyun ba.

Hukuncina a kan tambayarka ta biyu shi ne, ƙyamar da ka ji daidai ce, kuma ita ce ya kamata ta zama matsayin farko na kowane mai bincike: a bar mamaci inda yake. Buɗe kabari yana samun uzuri ne kawai idan akwai tambayar da ba ta amsuwa ta wata hanya, idan masu haƙƙi a kan mamacin ne suka yi ta, idan an taƙaita adadin, kuma idan an mayar da shi. Uku daga cikin sama da 60 yana cikin wannan iyaka. Ɗari huɗu da sha tara domin a ci gaba da gini ba ya ciki.

Sai dai kada a ɗauka cewa doka ce ta tilasta wannan ladabi. Dokar adana wuraren tarihi ta 1966 tana wajabta bincike ne kawai idan aikin na gwamnatin tarayya ne ko da kuɗinta ko izininta, kuma dokar 1990 da ta kare kaburburan ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka ba ta shafi baƙaƙen fata ba. A ƙarshen 2022 ne majalisa ta amince da wani shiri na tallafa wa gano makabartun baƙaƙen fata da adana su, amma shirin tallafi ne, ba hani ba. Saboda haka a filin da yake mallakar wani, abin da ke kare kabari shi ne dokar jiha, wadda ta bambanta daga wuri zuwa wuri, da kuma ƙarfin muryar jama'a. A Philadelphia, alal misali, makabartar majami'ar Mother Bethel ta shafe sama da ƙarni a ƙarƙashin filin wasan yara kafin a dawo da zancenta.

Haka kuma mafi yawan tsofaffin majami'un baƙaƙen fata ba tono suke buƙata ba, rufi suke buƙata. Ruwan da ke yoyo ta rufi yana ruɓar da katako, yana kwance bulo, kuma ikilisiyar da mabiyanta suka tsufa, matasanta suka bar unguwa saboda tsadar haya, ba ta da kuɗin gyara. Wannan ne ya sa asusun da ƙungiyar National Trust ta kafa a 2017 domin wuraren tarihin baƙaƙen fata ya ware shiri na musamman ga majami'u, da gudummawar dala miliyan 20 daga gidauniyar Lilly. Williamsburg ta sami abin da wasu ba su samu ba ne domin tana zaune a tsakiyar gidan tarihi mai kuɗi da ma'aikata na dindindin.

Wannan gata kuma yana tafe da nasa haɗarin, kuma a nan nake da ɗan ɗari-ɗari. Cibiyar da ta rushe majami'ar ita ce ta yi tonon, ita ce mai filin, ita ce kuma ta tsara sake gina ɗakin ibada na farko domin cikar ikilisiyar shekara 250 a 2026. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ya zuwa yanzu an saurari masu ɗakin, amma sauraro a lokacin da 'yan jarida ke kallo daban yake da sauraro bayan shekara 20, lokacin da shugabanni suka sauya kuma wurin ya zama zango ɗaya a cikin zagayen masu yawon buɗe ido. Akwai kuma matsalar sana'a zalla: harsashi yana ba ka tsawo da faɗi da inda ƙofa take, ɓallin gilashi da ƙusoshi suna ba ka alamar tagogi da katako, amma tsayin bango da siffar rufi da tsarin kujeru sai an aro su daga wasu ɗakunan ibada na wannan zamani da suka tsira a Virginia da maƙwabtanta. Ya kamata a gaya wa mai ziyara a fili wane ɓangare ne ƙasa ta bayar, wane ne kuma aka ƙiyasta. Sannan ɗakin da aka tsara tsayarwa shi ne na farkon ƙarni na 19, ba majami'ar 1856 ba, alhali ita ce wadda tsofaffin da ke raye aka yi musu baftisma a cikinta kuma suka ga rushewarta da idonsu, saboda haka nata harsashin ma yana buƙatar a fitar da layinsa a doron ƙasa, tare da alamar kowane kabari a daidai inda tabonsa ya bayyana.